Gada Ce Ke Zaɓar Jirgi: Fashin Baƙi Kan Gyaran Tsohon Turola Don Bin Mashigan Ruwa

Me zai sa mutum ya tara kuɗin sallamarsa daga aiki ya sayi jirgin ruwa, sannan aikin farko da zai sa a yi masa shi ne a kira mai walda ya yanke saman jirgin? Masu kallon bidiyon tafiye-tafiye a YouTube suna yawan cin karo da dattawan Amurka da Kanada, mata da miji, da suka mai da jirgi gida suna bin koguna da mashigan ruwa, wato hanyoyin ruwan da aka haƙa don jirage. A 2025 ma mashigin Erie na jihar Niyok, wanda yake ɗaya daga cikin manyan hanyoyinsu, ya cika shekara 200 da buɗewa. Abin da mai kallo yakan ɗauka shi ne, harka ce ta masu hannu da shuni, kuma gwargwadon girman jirginka gwargwadon nisan da za ka je. A teku wataƙila haka ne. A mashigin ruwa kuwa, girman jirgi shi ke tare masa hanya, domin akwai gadojin da ba sa buɗewa, ba sa ɗagawa, kuma babu hanyar kewaye su.

Wane irin jirgi ake magana a kai?

Turola na shaƙatawa ya samo fasalinsa daga jiragen masunta masu jan taru a teku: ciki mai zurfi, jiki mai nauyi, injin dizal da ba ya gaggawa. Ba ya hawa saman ruwa ya sheƙa kamar ƙananan jiragen gudu. Ture ruwan yake yi yana ratsa shi, don haka tsawonsa ne ke ƙayyade saurinsa. Jirgin da tsawon jikinsa a kan ruwa ya kai ƙafa 36, iyakar gudunsa na hankali bai wuce kilomita 15 a awa ba. In aka matsa wa injin ya wuce haka, mai kawai zai sha, saurin da za a ƙaru da shi kaɗan ne. A gudun kilomita 13 kuwa, tsohon injin Ford Lehman mai ƙarfin doki 120, wanda ke cikin ɗimbin waɗannan jirage, galan biyu ko kusa da haka yake sha a awa. Wannan tsimin man, tare da ɗakin kwana da kicin da banɗaki, shi ya sa masu doguwar tafiya suke ƙaunarsa.

Kamfanin Grand Banks ya fito da irin wannan fasali a tsakiyar shekarun 1960, daga nan masana'antun Taiwan suka ƙera dubbai a shekarun 1970 da 1980 suka tura Amurka. Su ne a yau ke cike da kasuwar na hannu, da farashin da ma'aikacin da ya yi ritaya zai iya taɓawa. Galibinsu suna da benen tuƙi a sama, da rumfar tamfol, da doguwar sanda mai ɗauke da na'urar rada da fitila da eriya. A bakin teku waɗannan abubuwan ado ne da amfani. Da an shiga cikin ƙasa sai su zama matsala.

Awo uku da ke yanke hukunci

Kowane mashigin ruwa yana tambayar jirgi abu uku. Nawa ne faɗinka, don ka shiga matakalar ruwa? Nawa kake nitsewa, don kada cikinka ya taɓa ƙasa? Nawa ne tsayinka daga fuskar ruwa zuwa ƙololuwa, don ka wuce ƙarƙashin gada? Matakalar ruwa ɗaki ne mai ƙofa gaba da baya: jirgi ya shiga, a rufe, a cika ɗakin da ruwa ko a rage, jirgin ya hau ko ya sauka zuwa mataki na gaba. A Amurka faɗi ba ya cika damun turola, tunda an gina matakalan ne don manyan jiragen dako. Nitso yana da iyaka, amma yawancin turola ba sa wuce ƙafa huɗu zuwa huɗu da rabi. Awo na uku ne ke wahalar da mutane.

Direban babbar mota da ya yi lodin buhuna har suka yi tozo ya san wannan fargaba idan ya hango gadar sama mai allon awo. Shi dai kwaltar da yake takawa ba ta motsi. Mai jirgi kuwa a kan ruwa yake, ruwan kuma yana hawa yana sauka.

Babban Zagaye da gadar Lemont

Hanyar da ta fi shahara ita ce wadda suke kira Great Loop, wato Babban Zagaye, tafiyar kimanin mil 6,000 da ke kewaye gabashin Amurka da wani yanki na Kanada. Daga Fulorida a bi hanyar ruwa ta gefen tekun Atilantika zuwa Niyok, a hau kogin Hudson, a shiga mashigai zuwa Manyan Tafkuna na wajen iyakar Amurka da Kanada, a sauka Shikago, a bi kogin Illinois da Misisifi da Ohio da Tennessee, a ratsa mashigin Tennessee-Tombigbee da aka buɗe a 1985, a fito Mobile a bakin teku, a koma Fulorida. Yawanci shekara guda take ci, domin yanayi ake bi: lokacin zafi a tafkunan arewa, kaka a kogunan tsakiya, hunturu a Fulorida. Kamfanonin inshora ma suna da ta cewa, saboda da yawansu ba sa yarda jirgi ya kasance a kudu a tsakiyar lokacin guguwa, wanda ke farawa 1 ga Yuni ya ƙare ƙarshen Nuwamba. Masu wannan tafiya suna da ƙungiya tun 1999, kuma ana gane su da 'yar tuta: fara ga wanda ke kan hanya, mai ruwan zinariya ga wanda ya kammala.

A duk tsawon wannan zagaye, kusan kowace gajeriyar gada tana da madadin hanya, ban da guda ɗaya. A garin Lemont, kudu maso yammacin Shikago, akwai gadar jirgin ƙasa a kan mashigin da aka buɗe a 1900 don juya akalar kogin Shikago ya daina zuba ƙazanta a tafkin Michigan. Ratar da ke ƙarƙashinta kimanin ƙafa 19 da rabi ce, wato ba ta cika mita 6 ba. Wannan mashigi shi kaɗai ne ya haɗa Manyan Tafkuna da kogunan da ke gangarawa Misisifi. Jirgin da ba zai iya sunkuyawa ƙasa da wannan awo ba, zagayensa ya ƙare a nan, ko nawa aka saye shi. Masu jiragen filafilai, waɗanda sandarsu kan kai ƙafa 50 ko fiye, cire ta suke yi gaba ɗaya, wasu su kwantar da ita a kan jirgi, wasu su ɗora wa mota ta kai musu Mobile.

Sauran gadojin zaɓi suke ba mutum, kuma kowace ƙafa da aka rage tana buɗe sabuwar hanya. Mai son ratsa tsakiyar birnin Shikago ta cikin dogayen gine-gine sai ya sauko zuwa ƙafa 17, in ba haka ba ya kewaya ta mashigin Cal-Sag, hanyar masana'antu da jiragen dako. Mashigin Champlain da ke kaiwa wajen Montreal shi ma ƙafa 17 ne. Gabashin mashigin Erie zuwa Oswego yana karɓar jirgi mai ƙafa 20, shi ya sa mafi yawan masu zagayen suke karkata nan su tsallaka tafkin Ontario su shiga hanyar ruwa ta Trent-Severn ta Kanada, mai tsawon kilomita 386, inda ratar gadoji ta kai ƙafa 22. A can ne matakalar Peterborough take, wadda tun 1904 take ɗaga jirage kusan mita 20 a cikin wani makeken baho na ƙarfe cike da ruwa. Amma wanda ke son ya bi Erie har ƙarshenta a Buffalo, sai ya sauko zuwa ƙafa 15 da rabi. Turola mai benen tuƙi da ƙyar yake samun wannan, sai an kwantar da duk abin da ke kwantuwa.

Mutum zai ce me ya hana a ɗaga waɗannan gadoji? Ɗaga gadar jirgin ƙasa yana nufin sake gina layin dogo mai nisa ta kowane ɓangare, tunda jirgin ƙasa ba ya hawan tudu mai tsini. Jiragen dakon da ake gyara hanyoyin dominsu kuwa sun riga sun daidaita kansu: masu tura kaya a yankin Shikago suna da ɗakin tuƙi mai sauka da hawa. Waɗanda ke kammala zagayen a shekara ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba. Ba wata hukuma da za ta kashe wannan dukiya saboda su.

Yadda ake rage wa jirgi tsayi

Matakin farko awo ne, kuma a nan mutane da yawa ke yin sakaci. Adadin da ke rubuce a takardar kamfani na ranar da jirgin ya fito ne, shekara arba'in da suka wuce. Tun daga lokacin masu shi na baya sun ƙara rada, sun ƙara eriyar talabijin, wani ya ɗora farantan sola. Masu lura sukan kai jirgin inda ruwa yake kwance, su gitta miƙaƙƙen katako a kan abin da ya fi komai tsayi, su daidaita shi da lebur, su saki tef daga bakin katakon har ya taɓa ruwa. Sai a sake awon bayan an kwantar da sanda, a kuma sakewa bayan an naɗe rumfa. Waɗannan lambobi uku a rubuta su a manna kusa da sitiyari, domin lokacin da gada ta tunkaro, ga iska ga igiyar ruwa na tura jirgi, ba lokacin lissafi ba ne.

Daga nan sai aikin ƙarfe. Ana yanke sandar daga gindi a sa mata hinjis mai ƙarfi da ƙusar da ake zarewa da hannu, a kafa mata wata 'yar gwafa a baya inda za ta kwanta. Wayoyin rada da na fitila da ke bi ta cikinta dole a bar musu rara a daidai mahaɗar, in ba haka ba kwanciya ta uku ko ta huɗu za ta tsinke su. Nauyi ma abin dubawa ne. Sandar da sai ƙarti uku sun taru kafin ta kwanta ba ta da amfani ga dattijo da matarsa, don haka ake haɗa mata igiya da fuli, ko a sauya ta da ta alminiyam marar nauyi. Eriyoyi a sa musu gindi mai lanƙwashewa. Rumfar tamfol a tabbatar tana naɗewa cikin 'yan mintuna.

Sai kuma abin da ba a cika tunawa da shi ba: tsayin jirgi ba ya zama wuri ɗaya. Lita 1,000 ta dizal ta haura kilo 800, ga ruwan sha wataƙila rabin tan. Jirgin da aka auna tankunansa cike, idan sun kusa ƙarewa zai taso da inci ɗaya ko biyu. A ruwan gishiri ma ya fi tasowa sama da yadda yake a ruwan daɗi. Ita ma gadar, ratar da aka rubuta mata ta lokacin da ruwa yake daidai ce. In an kwana ana sheƙa ruwan sama, kogin Mohawk da gabashin Erie ke bi ta cikinsa yakan cika, gadar jiya ta zama wata gada daban yau. A 2011 ambaliyar guguwar Irene ta lalata matakalai a wannan kogi har aka rufe hanyar na tsawon lokaci. Saboda haka ake karanta allon awo da ke jikin ƙafar gada idan akwai, a tambayi ma'aikacin matakala ta rediyo, a kuma bar rarar da ba ta gaza inci shida ba. A ganina mai jirgin da ke wucewa da rarar inci biyu yana sa ran matarsa da ke tsaye a bene cikin haɗari ne ba gaira ba dalili.

Gyaran da ido ba ya gani

Rage tsayi shi ne aikin da ya fi daɗin nunawa a bidiyo, amma ba shi ke cinye kuɗi ba. Araha ba ta ado, kuma tsohon turolan Taiwan yana da cututtukansa da kowane mai binciken jirgi ya sani. An shimfiɗa masa daben katakon tik a kan faiba, aka ɗaure da ɗaruruwan sukurori, kowane sukuru rami ne. Bayan shekaru, ruwan sama yana bin ramukan ya jiƙa katakon da ke tsakanin faiba ta sama da ta ƙasa, ya ruɓar da shi. Mai bincike yakan bi daben da 'yar guduma ta roba yana ƙwanƙwasawa. Inda lafiya take, ƙarar tana fita tas. Inda ya ruɓe, sai ka ji ta dushe, in ka taka kuma ƙafarka ta ɗan lotsa. A cikin ɗaki, baƙin tabo a katakon ƙarƙashin taga yana ba da labarin yoyon shekaru.

Wannan ruwan bai tsaya nan ba. Yana ɗiga a kan tankunan mai, waɗanda a yawancin jiragen na baƙin ƙarfe ne, sai tsatsa ta ci su daga sama inda ba a gani. Ranar da aka ji warin dizal a ƙasan jirgi, aiki ya samu, domin an saka tankunan ne kafin a rufe jirgin. Fitar da su yakan buƙaci a ɗaga inji, ko a yayyanka tankin a fitar da shi gunduwa-gunduwa. Kuɗin wannan aiki kaɗai yana iya kusantar abin da aka sayi jirgin. Duk wanda ya fara da sabbin labule da na'urorin zamani kafin ya leƙa saman tankunansa da fitila da madubi, ya soma gini daga rufi.

Akwai ƙananan abubuwan da hanyar kanta ke buƙata. Daga wajen garin Kimmswick a bakin kogin Misisifi zuwa garin Paducah a bakin kogin Ohio kusan mil 200 ne ba wurin shan mai, abin da ba ya tayar wa turola hankali. Ba a yarda a zubar da ruwan banɗaki a Manyan Tafkuna da mashigai ba, don haka tankin tara shi dole ya zama lafiyayye. Ɗan ƙarfen da ake ɗaurawa a ƙasan jirgi don lalacewa ta ci shi maimakon farfela, na zinki a ruwan gishiri yake aiki, a ruwan daɗi sai na alminiyam ko magniziyam. Bangon matakala kuma kaushi gare shi da gansakuka, sai da manyan balan-balan na roba a gefen jirgi, da dogayen igiyoyi, da safar hannu. A Waterford, ƙofar shiga Erie, matakalai biyar a jere suke ɗaga jirgi ƙafa 169 cikin ƙasa da mil biyu, kuma a kowace ɗaya mutum biyu ne ke riƙe da jirgi mai tan goma sha wani abu da hannu.

Inda ra'ayi ya rabu

Wasu na cewa a sayi tsoho mai araha a gyara da hannu, ko ba komai mutum zai san kowace waya da kowane bututu a jirginsa, ranar da abu ya lalace a tsakiyar kogi ba zai tsaya jiran makaniki ba. Wasu na cewa shekarun da dattijo zai ɓatar a filin gyara su ne shekarun da yake da sauran ƙarfin tafiya, gara ya ƙara kuɗi ya sayi wanda wani ya riga ya gyara. Duka biyun suna da gaskiya, sai dai na biyun sun fi kusa da abin da ke faruwa: filayen ajiye jirage cike suke da gyaran da aka fara ba a gama ba.

Haka batun benen tuƙi. Masu shi ba sa son rabuwa da shi, don daga sama ana hango kututturen da ruwa ya ɗauko, ga iska. Masu jirgi marar bene kuma suna wuce kowace gada ba tare da sun tashi daga kujera ba. Cire benen gaba ɗaya yana yiwuwa, amma yana karya darajar jirgin a kasuwa, don haka ba a yinsa sai in hanyar da aka ƙudurta ta tilasta.

Faransa, inda awon ya fi tsanani

Wanda ya ƙudurta kai turolansa Turai zai tarar lissafin Amurka bai yi masa komai ba. Yawancin mashigan Faransa an daidaita su ne bisa dokar 1879 ta ministan ayyuka Charles de Freycinet: jirgi kada ya wuce mita 38.5 a tsawo da mita 5.05 a faɗi, ratar gada kuma kimanin mita 3.5, wato ƙafa 11 da rabi. Gadar Lemont da ake tsoro ta fi wannan da kusan mita biyu da rabi. A nan kwantar da sanda ba ya isa. Turola mai benen tuƙi, ko an sauke rumfa da gilashin gaba, sau da yawa ba ya shiga.

Mashigin Midi na kudu, wanda Pierre-Paul Riquet ya jagoranci haƙa shi aka buɗe a 1681, ya fi haka matsi. Tsawonsa kilomita 240 daga Toulouse zuwa bakin Bahar Rum, UNESCO ta sa shi cikin kayan tarihin duniya a 1996, don haka ba mai taɓa gadojinsa. Na dutse ne, masu baka. A gada mai baka, tsayin da aka rubuta na tsakiya ne, gefe da gefe kuwa rufin yana gangarowa. Gadar Capestang, wadda ta yi suna wajen matsi, ba ta wuce mita 3.3 da 'yan kai a tsakiya ba. Jirgi mai siririn kai zai wuce, wani mai tsayi iri ɗaya amma ɗakin tuƙinsa mai faɗi da kusurwoyi zai daki dutse da kafaɗunsa. Saboda haka masu shirin bin Midi ba tsayi kaɗai suke aunawa ba, har da faɗin jirgin a can sama, wasu ma sukan zana fasalin jirgin a takarda su ɗora a kan zanen bakan gadar.

Ga kuma wutar lantarki ta Turai mai bolt 230 alhali kayan jirgin Amurka na 120 ne, ga takardar shaidar sanin dokokin ruwan cikin ƙasa, ga kuɗin izinin hukumar VNF mai kula da mashigan, ga dokar kwana 90 cikin 180 ga baƙon da ba ɗan yankin Schengen ba, wato rukunin ƙasashen Turai masu biza ɗaya. Fari ma ya shigo cikin lissafi: a 2022 ƙarancin ruwa ya sa an rufe ko an taƙaita zirga-zirga a mashigai da dama na ƙasar. Idan aka haɗa wannan da kuɗin ɗora jirgin a babban jirgin dako ya tsallaka Atilantika, za a gane dalilin da ya sa mafi yawan Amurkawan da ke son Faransa suke barin turolansu a gida, su sayi gajeren jirgin ƙarfe ƙirar Holan da aka yi shi tun farko don gadojin mita uku da rabi, su sayar da shi a can idan sun gama.